Kundin aikin Jahi: wasan waya da dokin ƙarfe

Asabar, 11 ga Oktoba 2025

Yau muka tsayar da magana a kan abin da za mu gina, saboda haka daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya. Abu biyu ne da suka fito daga tushe ɗaya. Na farko wasan waya ne da muka sa wa suna Jahi. Na biyu dokin ƙarfe ne mai motsi wanda yaro zai hau a wurin wasan Sallah, majigi yana haska masa fage a gabansa, linzami na gaske a hannunsa. Ni ne mai rubuta manhajar. Zane yana hannun wata ƙanwarmu da ta karanci zane-zane, ƙarfe da wayoyin lantarki kuma suna hannun wani abokina mai haɗa sola da gyaran inbata.

Duk wayar da yara ke taɓawa a garin nan, da wuya ka rasa Temple Run ko Subway Surfers a cikinta. Na farkon ya fito a 2011, na biyun a 2012, kuma har yau ba su tsufa a hannun yara ba, domin tsarinsu mai sauƙi ne: ka yi ta gudu, ka kauce wa abin da ke gabanka, ka kwashi sulalla, har ka faɗi. Kusan duk wanda na ba labarin aikinmu shawararsa ɗaya ce, mu ɗauki wannan tsari mu ɗora masa doki da rawani mu huta. Na ƙi, kuma ina so dalilin ya zama farkon abin da ke cikin kundin nan.

Wanda ya taɓa samun wurin tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san inda ihun jama'a yake tashi. Mahaya za su nufo Sarki a sukwane, har ka ce za su bi ta kan dogarai, sai a ƙurarren wuri su ja linzami, dawakai su turje, ƙura ta turnuƙe, hannuwa su tashi sama da jinjina. Gudu kowane doki yana da shi, gwanintar mahayi a tsayuwa take. A kan wannan tsayuwar za mu gina wasan baki ɗayansa: yaushe za ka saki doki, yaushe za ka kame shi, kuma tazara nawa ka bari tsakaninka da laimar Sarki.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Amma an yi Salloli a 'yan shekarun nan da ba a yi hawa ba, kuma akwai yaran da suka yi wayo a cikin birnin nan ba su taɓa ganin jahi ido da ido ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Laraba, 29 ga Oktoba

Mun zaɓi Godot a matsayin injin da za mu gina wasan a kansa. Kyauta ne, lambobin manhajarsa a buɗe suke ga kowa ya duba ya gyara, ba mai karɓar kaso daga cinikinka. Wani injin mai suna Unity ya fi shi yawan darussa a intanet, amma a Satumbar 2023 kamfanin ya sanar da wani sabon kuɗi da zai riƙa karɓa gwargwadon yawan saukar da wasa, masu haɗa wasanni suka yi caa a kansa, daga baya a 2024 ya janye. Ƙaramin taro irin namu ba zai iya ɗora aikin shekara a kan sharaɗin da wani zai iya canzawa dare ɗaya ba. Godot 4 kuma yana da yanayin zane mai sauƙi da ke aiki da OpenGL ES 3.0, wanda ƙananan wayoyi ke ɗauka.

Na je Farm Centre na sayo wata Itel ta hannu mai Android Go da RAM gigabayit 2. Ita ce alƙalinmu. Duk abin da ba ta ɗauka ba, ba zai shiga wasan ba, komai kyansa a kwamfutata. Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma su ne a aljihun yawancin iyayen yaran da muke yi wa aikin.

Lissafin mai sauƙi ne amma ba ya ɗaga ƙafa. In kana son hoto 30 a daƙiƙa ɗaya, kana da kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa ka gama zana kowane hoto. A cikin wannan ɗan lokacin sai ka zana doki, da mahayi, da taron jama'a, da ƙura. Jama'a ba su ba mu wahala ba, mai zanenmu ta mayar da su hotuna shimfiɗaɗɗu da ake jerawa sahu-sahu. Ƙura ce matsalar. Duk hoton da ake hango bayansa, irin ƙura da hayaƙi, shi ya fi gajiyar da ƙaramar waya, domin kowane ɗigo na allo sai an fente shi sau da yawa, wani a kan wani, kan ka ankara waya ta ɗau zafi ta fara sarƙewa. Jahi kuwa babu ƙura ba jahi ba ne. Abin da muka yi shi ne, maimakon ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi, ta zana 'yan manyan gajimaren ƙura da hannu, muna buɗe su muna dusashe su daidai lokacin turjiya. A ido ma ya fi kyau.

Sauran sharuɗɗan: kada wasan ya wuce megabayit 60, kuma ya yi aiki ba data, domin mun san ta Xender zai fi yawo daga waya zuwa waya. Sannan ba za mu dogara da karkata waya ba, saboda wayoyi masu araha da yawa ba su da jairoskof, na'urar da ke auna juyawar waya. Manyan yatsu biyu ne linzami. Ka tura su sama doki ya zabura, ka jawo su ƙasa ya kame, ka jawo ɗaya ya karkata.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Jiya da la'asar muka kai wa wani dattijo wasan a cikin gari. Tun yana saurayi yake hawa a tawagar wani hakimi, kuma har yanzu akwai dawakai a turkensa. Bayan gaisuwa na miƙa masa wayar na ce, "Baba, ga shi ka gwada mana, Allah ya ƙara maka lafiya."

Ya juya ta, ya sa jikansa ya nuna masa inda ake dannawa, ya yi jahi, ya sake. Sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, shi dokin nan naku ba shi da baki ne? Na fizge shi ya tsaya, na lallaɓa shi ya tsaya. Linzamin nan da kake gani ƙarfe ne. In ka fizge doki haka ka ji masa ciwo a baki, gobe ko dai ya ƙi sakin jiki ya yi gudu, ko ya ƙi jin ka in ka ja."

Wannan maganar ta canza cikin wasan gaba ɗaya. Yanzu ja yana da mataki biyu: ka fara taɓa linzami doki ya san abin da ke tafe, sannan ka kame. Wanda ya fizga lokaci guda dokinsa zai tsaya, amma zai girgiza kai, kuma manhajar za ta riƙe wannan. A jahi na gaba dokin zai yi nauyin baki. Wanda ya iya lallaɓawa kuwa dokinsa zai riƙa amsa masa da wuri, har ya iya matsawa kusa da laima fiye da kowa. Ba mu rubuta wannan a ko'ina a allo ba. Ina so yaro ya gano shi da yatsunsa.

Baba ya ƙara mana abu biyu. Ya ce tsayawa nesa tsoro ne, wuce iyaka kuma rashin ladabi ne, don haka maki yana tsakiyar su biyun. Ya kuma ce ba a yin jahi mutum ɗaya tilo, sahu ake yi, kuma kyansa kawunan dawakai su tsaya a jere. Mun ƙara mahaya biyu a gefen mai wasa waɗanda kwamfuta ke tuƙawa, sai ka daidaita da su.

Ya daɗe yana ba mu sunayen dawakai, da kili da akawal da bidi, mai zanenmu tana rubutawa. Da aka zo kan 'yan lifida, na tuna tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kakaki kuma zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Za mu sa irin waɗannan a matsayin 'yan gajerun bayanai duk lokacin da yaro ya buɗe sabon kayan doki. Layi biyu kawai, ba darasin aji ba.

Mun kuma yanke cewa ba za mu zana fuskar kowane Sarki ba. Laima daga nesa, da ja da koren dogarai, da amon tambari sun isa kowane Bakano ya san inda ya nufa.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

An ɗauko sautin kofato a filin sukuwa da sassafe, lokacin da masu kilisa ke fitowa. Sassarfa bugu biyu ce, sukuwa bugu huɗu da ɗan shiru a tsakani lokacin da ƙafafu duka suke sama. Da wannan kaɗai yaro zai san saurin dokinsa ba sai mun sa masa lamba a allo ba. Algaita da kakaki kuwa za mu biya masu busa su busa mana namu, ba za mu yanko daga bidiyon wani ba.

Maganar kuɗi ta taso. Ba za mu sa akwatin sa'a ba, wanda yaro ke biya bai san abin da zai fito masa ba. Beljiyam ta ɗauke shi a matsayin caca tun 2018, mu kuma ba ma buƙatar wata hukuma ta gaya mana. Talla ma mun ajiye ta, domin ba ka da cikakken iko da abin da za a haska wa ɗan mutane. Sayarwa a Google Play kuma, ban da kashi 15 cikin ɗari da suke cira, yaran namu ba su da katin biya. Saboda haka wasan waya kyauta ne, tikitin dokin ƙarfe shi zai ɗauki nauyinsa.

Talata, 16 ga Disamba

Dokin ƙarfe ya tsaya da ƙafafunsa, a shagon mai walda.

Asalin irin wannan na'ura daga koyar da matuƙan jirgin sama ne. A 1965 wani injiniya a Ingila mai suna Stewart ya wallafa tsarin dandamali mai ƙafafu shida da ke motsawa ta kowace fuska, kuma har yau da sunansa ake kiran sa. A 1987 Disneyland ta ɗauki fasahar jirgin koyo ta buɗe Star Tours, mutane suna zaune a ɗaki ɗaya suna jin kamar suna keta sararin sama. Mu ba mu da kuɗin ƙafafu shida. Muna da injin waifa biyu na babbar mota da aka samo a Ƙofar Ruwa, da gaɓar farfela da sirdin ke zaune a kanta, da allon Arduino da ke karɓar umarni daga kwamfuta. Gaba da baya, dama da hagu, iyakarmu ke nan. Tunda nauyin mahayi a kan gaɓar yake, injinan ba ɗaukar sa suke yi ba, karkata shi kawai suke yi, shi ya sa bolt 12 ta wadatar.

Dabarar da duk irin waɗannan na'urori ke amfani da ita tana cikin kunnen mutum. Abin da ke auna daidaito a can ciki ba ya bambance karkata da ƙaruwar gudu. In ka kwantar da kujera baya a hankali, ido kuma yana ganin fage yana tahowa, jiki zai yarda cewa gudu ake ƙarawa. Karkatar digiri 10 kawai tana jan mutum da kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa. Sharaɗin shi ne a karkata a hankali yadda ba zai lura ba, a kuma mayar da shi tsakiya a hankali. In ido ya ce abu kaza kunne ya ce wani abu daban, nan jiri da tashin zuciya suke zuwa.

Nan muka ci karo da abin da ya hana mu barci. A na'urar mota ko ta jirgi, birki na nufin a duƙar da gaba, jiki ya zube gaba. Doki kuwa in ya turje, bayansa ne ke yin ƙasa, ya zauna kan ƙafafun baya, gabansa ya ɗaga. Wato abin da jiki ke ji da abin da doki ke yi sun saɓa wa juna, kuma daidai a wurin da duk wasan ya dogara a kai. Abokina ya ce mu bi jiki, ni na ce mu bi doki. Muka koma wurin Baba da tambayar.

Ya ce, "Ku duka kuna da gaskiya, 'ya'yana, sai dai ɗaya yana gaba da ɗaya. Da farko sai ka ji kamar za a cillo ka ta kan wuyansa, shi ya sa muke tokare likkafa gaba. Sannan ka ji ya zauna da kai."

Haka muka tsara shi. Ɗan duƙawa gaba mai kaifi, ƙasa da rabin daƙiƙa, sannan sirdi ya koma baya a hankali ya tsaya a ɗage yayin da ƙura ke tashi a allo. Na hau na gwada. Ban taɓa yin jahi a kan doki mai rai ba, amma ƙafafuna da kansu suka tokare likkafa.

Asabar, 10 ga Janairu 2026

Kafin wani ɗan mutum ya hau, buhun yashi ne ya yi ta hawa, mai nauyin da ya fi na babban mutum. An sa robar taya a ƙarƙashi ta yadda ko manhaja ta rikice sirdi ba zai wuce iyakarsa ba. Jan maɓallin tsayarwa wutar injin yake yankewa kai tsaye, ba ya bi ta kwamfuta. Duk wani abu mai juyawa an rufe shi da langa-langa, saboda babbar riga da hijabi da mayafi. Sirdinmu na gargajiya kuma ya taimaka, tudunsa na gaba da na baya suna riƙe mahayi.

Yau yaran unguwa suka hau, iyayensu na tsaye. Abu na farko da na gani shi ne wasan waya da wasan hawa ba tarbiyyarsu ɗaya ba. A waya in ka faɗi ka sake, ba wanda ya yi asara. A nan yaro ya bi layi, an biya masa kuɗi, 'yan uwansa suna kallo. Ba zai yiwu a ce masa ya faɗi a daƙiƙa ta goma ya sauka ba. Ko a Osaka ta Japan, inda aka buɗe hawan Mario Kart a 2021, motar a kan layinta take tafiya har ƙarshe, sitiyarin da ke hannunka maki yake ƙara maka. Mun bi wannan. Kowane mahayi zai kai gaban laima, kowa zai yi jinjina. Abin da zai bambanta shi ne kyan tsayuwar, da ƙarfin guɗa da ihun da zai ji.

Sai lissafin layi. Hawa daƙiƙa 90 ne, sauka da hawan na gaba a ce daƙiƙa 60. Zagaye 24 ke nan a awa. Doki ɗaya mutum 24, kuma duk wanda ya ga cunkoson Gidan Zoo ranar Sallah ya san wannan ba komai ba ne. Da dawakai biyu 48, da huɗu 96. Ban da lissafi ma, Hausawa sun ce doki ɗaya a fage gudu gare shi. Yaran da kansu suka riƙa tambaya wa ya fi wa. Na biyu ya zama dole, a jere, allo ɗaya, su yi sahu kamar yadda Baba ya ce.

Akwai saɓani tsakanin abin da mahayi ke buƙata da abin da 'yan kallo ke buƙata. Dabarar karkatar nan ba ta cika aiki sai an rufe wa mahayi ganin bango da ƙasa, wato sai rumfa mai duhu. Amma abin da zai jawo na waje ya sayi tikiti shi ne ya ga na ciki. Za mu rufe gaba da gefe, mu bar baya a buɗe, mu kuma sa talabijin a waje yana nuna fagen da makin.

'Yan mata sun hau, kuma wata 'yar shekara tara ce ta fi kowa taushin hannu. Amma manyan cikinsu sun tsaya daga baya, saboda hawan sirdi da doguwar riga a gaban mutane. Mai zanenmu ta ce, "Yaya, in ba a gyara wannan ba, rabin yaran garin nan muka cire." Gaskiyarta. Muna duba matakala da labule a wurin hawa, da sirdi mai faɗi wanda bai yi tsayi ba. Zaman gefe ɗaya mun gwada, bai yi ba, domin karkatar gaba sai ta zame wa mai zaman karkatar gefe.

Hunturu ya cika matatar majigi da ƙura cikin 'yan kwanaki. An ɗinka masa akwati mai soso.

Alhamis, 29 ga Janairu

An biya dala 25 an buɗe asusun Google Play. Ƙa'idarsu ga sababbin asusun mutum ɗaya ita ce sai an yi gwajin sirri da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a ba ka damar sakin wasa ga kowa. A da mutum 20 ne, aka rage zuwa 12. Mun cika adadin, kuma na zaɓo masu wayoyi daban-daban da gangan, tsofaffin sun fi yawa.

An haɗa ɓangarorin biyu. Wanda ya sauka daga dokin ƙarfe za a ba shi lambar sirri mai lambobi shida a takarda. In ya shigar da ita a wayar gida, za ta buɗe masa akawal da cikakken kayan lifidi, kuma ba sai da data ba, wayar da kanta take tantance lambar. Wanda kuma ya saba a waya zai zo da hannunsa a horar, domin lokacin taɓa linzami da na kamewa iri ɗaya muka sa a duka biyun.

Wuta: injinan waifa ba su da ci sosai, majigi da kwamfuta su ne masu shan batir. Abokina yana ganin batir biyu da inbata za su riƙe yini in ana caji da sola, ni ina so a ajiye ƙaramin janareto a gefe. Fanka kuma ta shiga tsarin. Sallah za ta faɗo a watan Maris, zafi ya fara, rumfa kuma a rufe, don haka mun haɗa saurin fankar da saurin doki, tana sanyaya yaro tana kuma ba shi iskar sukuwa, ta yanke daidai lokacin turjiya.

Azumi ya kusa, kuma mai walda ya ce in ya kama ba ya aikin rana. Ke nan firam ɗin doki na biyu sai ya fita daga shagonsa kafin tsakiyar Fabrairu. Ranar Litinin za mu zauna da mai wurin wasan a kan filin da zai ba mu da yadda za a raba kuɗin tikiti, kuma zan tafi da buƙata ɗaya da ba zan sassauta ba: mai tsaron jan maɓalli namu ne, mu za mu horar da shi, kuma ba shi ne mai karɓar kuɗi ba.